TAƘAITACCEN TARIHIN MARIGAYI MAI SHARI'A MUHAMMADU BELLO (1930 – 2004)

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kai ƙara a kan gona, ko gado, ko bashi, ko iyakar fili, a Rano ko Kibiya ko wani gari na kudancin Jihar Kano, ya san cewa shari'a hawa-hawa ce. Ana farawa ne a gaban alƙalin gari, wanda bai gamsu ba ya ɗaukaka ƙara zuwa birnin Kano, daga nan zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, sannan a tuƙe a Kotun Ƙoli, wadda idan ta yanke hukunci babu sauran wurin zuwa a duniya. Abin da wannan kotu ta tsayar a kan wata mas'ala shi ne ke zama ƙa'idar da kowace kotu ta ƙasa da ita za ta bi, shi ne kuma makamin da lauyoyi ke riƙewa idan sun tsaya kare hakkin waɗanda suka ɗauke su. Mutum na farko daga Arewacin Nijeriya da ya shugabanci wannan kotu shi ne marigayi Mai Shari'a Muhammadu Bello, Bakatsine, wanda ya fara da aikin lauya a 1956, ya kuma riƙe muƙamin Alƙalin Alƙalan Nijeriya daga 1987 zuwa 1995.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Muhammadu Bello a birnin Katsina a shekarar 1930, a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Mahaifinsa, Malam Gidado, shi ne Muftin Katsina. A tsarin kotunan ƙasar Hausa na wancan lokaci, mufti malami ne masanin fiƙihu da ke taimaka wa alƙali wajen binciko nassin da ya dace da mas'alar da ke gabansa daga littattafan mazhabar Malikiyya, irin su Risala da Muktasar da Tuhfa. Saboda haka Muhammadu Bello ɗan gado ne a fagen shari'a, ko da yake hanyar da ya bi ta bambanta da ta mahaifinsa.

Ya yi karatun elemantare da na midil a Katsina, sannan ya wuce Kwalejin Kaduna, wadda asalinta ita ce Kwalejin Katsina da aka mayar Kaduna a 1938, daga bisani aka kai ta Zariya inda ake kiranta Kwalejin Barewa. Da yake a wancan zamani ana bukatar sanin harshen Latin ga mai son karatun lauya a Ingila, sai aka tura shi Kwalejin Jami'a ta Ibadan don ya koyi wannan harshe. Daga nan ya tafi Landan, ya shiga Lincoln's Inn, ɗaya daga cikin tsofaffin zauruka huɗu da ke da ikon yaye lauyoyi a Ingila, inda ya kammala a tsakiyar shekarun 1950.

Halin da Arewa ke ciki a lokacin

Domin mai karatu ya fahimci girman wannan mataki, ya kamata a tuna cewa har zuwa 1955 babu ɗan Arewa ko ɗaya da ya zama lauya. A shekarar ce Alhaji Abdulganiyu Abdulrazak, mutumin Ilori, ya zama na farko, alhali a Legas an sami lauya ɗan ƙasa tun cikin shekarun 1880. Babban dalilin wannan rata shi ne, mafi yawan shari'o'in Arewa a kotunan En'e ake yin su, wato kotunan alƙalai da majalisun sarakuna, kuma doka ta hana lauya tsayawa a cikinsu. Talaka shi ke faɗin da'awarsa da bakinsa, ko ya wakilta wani ɗan'uwansa. Lauyoyin da ake gani a Kano da Kaduna da Jos Turawa ne ko mutanen Kudu, kuma aikinsu bai wuce Babbar Kotu da kotunan majistare ba.

Da aka tunkari mulkin kai, gwamnatin Jihar Arewa ta ga ba zai yiwu a karɓi ragamar mulki ba tare da 'yan ƙasa masana dokar zamani ba. Wannan ne ya sa ta ɗauki nauyin karatun wasu samari, waɗanda suka haɗa da Muhammadu Bello, da Mamman Nasir wanda shi ma ɗan lardin Katsina ne, da Buba Arɗo daga Adamawa. Dukkansu uku sun kai manyan muƙamai: Mamman Nasir ya shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya daga 1978 zuwa 1992, Buba Arɗo kuma ya zama Babban Jojin jiha.

Aikin lauya

A 1956 Muhammadu Bello ya kama aiki a matsayin lauyan gwamnatin Jihar Arewa a Kaduna, a ƙarƙashin Babban Lauyan Gwamnati wanda a lokacin Bature ne. Aikin lauyan gwamnati ya haɗa da bai wa ma'aikatu shawara, da duba yarjejeniyoyi, da tsayawa a kotu a madadin gwamnati, ko a shari'ar laifi ko a shari'ar neman hakki.

Shari'ar neman hakki a Babbar Kotu tana da tsarinta. Mai ƙara yakan shigar da takarda yana bayyana abin da yake nema da dalilansa, wanda ake ƙara ya mayar da amsa a rubuce, kuma abin da ɓangarorin biyu suka saɓa a kansa shi kaɗai za a kawo shaida a kai. Kowane lauya ya gabatar da shaidunsa, abokin karawarsa ya yi musu tambayoyin ƙwaƙƙwafi don gwada gaskiyarsu, a ƙarshe kowa ya yi jawabi yana kafa hujja da doka da hukunce-hukuncen baya. Alƙali kuwa sauraro ne nasa, sai ya auna ya ga wane ɓangare hujjarsa ta rinjaya. A kotun alƙali ta Malikiyya kuma, alƙali ne da kansa ke tantance wane ne mai da'awa, a nemi ya kawo shaidu adalai, idan ya kasa a juya rantsuwa ga wanda ya musa, sannan a yi i'izari kafin hukunci, wato a tambayi wanda shari'a za ta faɗa kansa ko yana da sauran hujja. Muhammadu Bello yana cikin 'yan ƙalilan na wancan zamani da suka fito daga gidan tsari na biyu suka kuma ƙware a na farko.

Shekarun farko na aikinsa sun zo daidai da babban garambawul da aka yi wa shari'a a Arewa. A 1958 gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta kafa kwamitin masana a ƙarƙashin Sayyid Muhammad Abu Rannat, Alƙalin Alƙalan Sudan, tare da Mai Shari'a Muhammad Sharif na Pakistan, da Farfesa Anderson na Jami'ar Landan, da Shettima Kashim, da Peter Achimugu, da Alƙalin Bida Malam Musa. Shawarwarinsu ne suka haifar da kundin dokokin laifuka da ake kira Final Kod, wanda ya fara aiki a 1960, da kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci, wadda aka bar wa al'amuran aure da gado da wasiyya da waƙafi. Aka buɗe kwasa-kwasai a Makarantar Koyon Mulki ta Zariya don horar da alƙalai kan sabon tsarin. Aiwatar da waɗannan dokoki a kotuna ya rataya ne a wuyan ƙananan lauyoyin gwamnati irin su Muhammadu Bello.

Daga lauya zuwa alƙali

A 1961 aka naɗa shi majistare. A farkon shekarun 1960 ɗin ya sami damar ƙaro ilimi a sashen koyon shari'a na Jami'ar Harvard da ke Amurka, abin da ya ba shi damar nazarin yadda kotuna ke aiki a ƙasar da ke bin tsarin tarayya da rubutaccen tsarin mulki. A 1964 ya zama Daraktan Gabatar da Ƙararraki na Jihar Arewa, a 1966 kuma aka ɗaga shi zuwa alƙalin Babbar Kotu.

Ya hau wannan kujera ne a shekarar da sojoji suka kifar da Jamhuriya ta Farko. A 1967 aka raba Jihar Arewa gida shida, ciki har da Jihar Kano, sannan a 1968 aka karɓe kotuna daga hannun En'e aka mayar da su Kotunan Yanki a ƙarƙashin gwamnatocin jihohi, aka kuma soke kotunan sarakuna. Tun daga lokacin alƙalin Rano, kamar sauran takwarorinsa, ya koma ma'aikacin sashen shari'a na jiha. Ƙararrakin gonaki da na ciniki da ake ɗaukakawa daga irin waɗannan kotuna suna cikin abin da alƙalan Babbar Kotu ke saurare. Hanin da aka yi wa lauyoyi na shiga Kotunan Yanki kuwa bai kau ba sai bayan zuwan tsarin mulkin 1979.

A Kotun Ƙoli

A 1975, zamanin mulkin Janar Murtala Muhammad, aka naɗa Muhammadu Bello alƙalin Kotun Ƙoli a Legas. Ya yi shekara ashirin a wannan kotu, kuma shari'o'i biyu na farkon wannan lokaci sun isa a tsaya a kansu.

Ta farko ita ce ƙarar Cif Obafemi Awolowo a kan Alhaji Shehu Shagari, wadda ƙuri'un Jihar Kano ne gaba ɗaya ƙashin bayanta. Dokar zaɓen shugaban ƙasa na 11 ga Agusta, 1979 ta ce sai ɗan takara ya fi kowa ƙuri'u, ya kuma sami kashi ɗaya cikin huɗu a aƙalla kashi biyu cikin uku na jihohi 19. Shagari ya cika wannan sharaɗi a jihohi 12, amma a Kano, inda Malam Aminu Kano na jam'iyyar PRP ya yi rinjaye, ya sami ƙuri'u 243,423 ne daga cikin 1,220,763, wato kashi 19.94 cikin ɗari. Lauyan Awolowo, Cif G.O.K. Ajayi, ya kafe cewa jiha ba ta gutsuruwa, don haka sai an cika jihohi 13. Lauyan Shagari, Cif Richard Akinjide, ya ce kashi biyu cikin uku na 19 shi ne 12 da biyu bisa uku, saboda haka abin da ake bukata a jiha ta goma sha uku shi ne rubu'in kashi biyu cikin uku na ƙuri'unta. A wannan lissafi, kashi biyu cikin uku na ƙuri'un Kano 813,842 ne, rubu'insu kuma bai kai 203,500 ba, adadin da Shagari ya zarce. Ranar 26 ga Satumba, 1979 Kotun Ƙoli a ƙarƙashin Mai Shari'a Fatayi-Williams ta tabbatar da zaɓen. Muhammadu Bello yana cikin masu rinjaye, Mai Shari'a Kayode Eso kuma ya saɓa musu. Kwana biyar bayan haka aka miƙa mulki ga farar hula.

Ta biyu ita ce wadda sunansa ya fi shahara da ita a bakin lauyoyi, wato ƙarar Sanata Abraham Adesanya a kan Shugaban Ƙasa a 1981. Sanatan ya ƙalubalanci naɗin Mai Shari'a Ovie-Whiskey a matsayin shugaban hukumar zaɓe ta tarayya, bayan an kayar da ra'ayinsa a zauren Majalisar Dattawa. Lauyansa shi ne Cif Gani Fawehinmi. Tambayar da ta taso ita ce: wane ne ke da hurumin shigar da ƙara? Kotu ta yanke cewa sanatan ba shi da wannan hurumi. A nasa hukuncin, Muhammadu Bello ya dogara da sashe na 6(6)(b) na tsarin mulkin 1979, ya bayyana cewa ikon kotu ya tsaya ne ga tantance hakkoki da wajiban mutum, saboda haka wanda zai kawo ƙara sai ya nuna cewa an taɓa hakkinsa shi kansa, ko ana gab da taɓawa.

Wannan fassara ta zama ma'aunin da kotuna suka yi ta amfani da shi shekara da shekaru, ta kuma zama abu na farko da kowane lauya ke dubawa kafin ya shigar da ƙara. Masu goyon bayanta suna ganin ta kare kotuna daga 'yan shisshigi da masu neman mayar da rigimar siyasa zauren shari'a. Masu sukarta kuwa suna ganin ta toshe wa jama'a ƙofar tuhumar hukuma a kan abin da ya shafi kowa da kowa, kamar dukiyar al'umma, domin abin da yake na kowa da wuya mutum ɗaya ya nuna cewa shi aka fi cutarwa. Daga baya an sassauta. Ƙa'idojin kare hakkin ɗan Adam na 2009 sun hana korar irin waɗannan ƙararraki saboda rashin hurumi, kuma a 2018 Kotun Ƙoli ta amince wa wata ƙungiya mai zaman kanta ta yi ƙarar kamfanin mai na ƙasa a kan gurɓata muhalli. Duk da haka, har yanzu daga hukuncin Bello ake fara wannan muhawara a azuzuwan koyon lauya.

Alƙalin Alƙalan Nijeriya

A 1987 ya gaji Mai Shari'a Ayo Irikefe a kujerar Alƙalin Alƙalai. Dukkan shekarunsa a wannan muƙami a ƙarƙashin mulkin soja da gwamnatin riƙon ƙwarya suka kasance, zamanin da ake kafa dokokin soja masu ɗauke da sassan da ke hana kotu sauraron ƙara a kan abin da gwamnati ta aikata, ake kuma kafa kotunan musamman da ba a ɗaukaka hukuncinsu zuwa Kotun Ƙoli.

A cikin wannan ƙunci kotun ta yanke wasu hukunce-hukunce da ake tunawa da su. A watan Disamba na 1987 ta amince cewa Gani Fawehinmi yana da hurumin neman a gurfanar da waɗanda yake zargi da kisan ɗan jarida Dele Giwa, wanda bam ɗin da aka aika masa cikin ƙunshin saƙo ya hallaka a 1986. A 1994, a shari'ar Ogugu, Muhammadu Bello ya bayyana cewa Yarjejeniyar Afirka ta Hakkin Ɗan Adam, da yake an mayar da ita dokar Nijeriya, kotunan ƙasar nan suna da ikon aiwatar da ita kamar kowace doka. Lauyoyin kare hakkin jama'a sun jingina da wannan hukunci matuƙa a shekarun da suka biyo baya. A zamaninsa ne kuma Mai Shari'a Abubakar Bashir Wali, ɗan Kano masanin shari'ar Musulunci, ya zauna a Kotun Ƙoli, abin da ya ƙarfafa kotun wajen duba ƙararrakin gado da filaye da ke tasowa daga Arewa.

Haka kuma a 1991 aka kafa Cibiyar Horar da Alƙalai ta Ƙasa, wadda ke shirya wa alƙalai da ma'aikatan kotu na kowane mataki tarukan ƙara wa juna sani. Harabar wannan cibiya da ke Abuja sunansa aka sa mata. A matsayinsa na Alƙalin Alƙalai, shi ne kuma shugaban kwamitin da ke zaɓen lauyoyin da suka cancanci lambar Babban Lauyan Nijeriya, lambar da aka fara bayarwa a 1975 ga Cif Rotimi Williams da Dakta Nabo Graham-Douglas.

Shekarun gwaji

Ƙarshen wa'adinsa ya zo da jarrabawa mai tsanani. Bayan soke zaɓen 12 ga Yuni, 1993, shi ne ya rantsar da Cif Ernest Shonekan a matsayin shugaban gwamnatin riƙon ƙwarya a watan Agusta, gwamnatin da wata Babbar Kotu a Legas ta ce haramtacciya ce a watan Nuwamba, mako guda kafin Janar Sani Abacha ya karɓe mulki. Lauyoyi da dama sun soki shugabancin sashen shari'a da cewa ya cika sassauci ga sojoji. Wasu kuma suna ganin kotu ba ta da rundunar da za ta tilasta wa mai bindiga, kuma lallashi ne ya sa aka bar ƙofofinta a buɗe.

A wannan yanayi ne wata jaridar kamfanin Concord, mallakar Cif M.K.O. Abiola, ta buga labarin zargin cewa gwamnatin Janar Babangida ta bai wa alƙalan Kotun Ƙoli kyautar motocin Marsandi. Alƙalan, har da Bello, suka shigar da ƙarar ɓata suna. Da aka tsare Abiola a 1994 bisa tuhumar cin amanar ƙasa, maganar belinsa ta iso Kotun Ƙoli, sai lauyansa G.O.K. Ajayi ya nemi alƙalan da ke ƙarar kamfanin Abiola su janye daga shari'ar. A 1995 Muhammadu Bello da abokan aikinsa suka amince suka janye, bisa ƙa'idar cewa wanda ke da husuma da mutum ba ya zama alƙalinsa, kuma wajibi ne jama'a su ga an yi adalci a zahiri. Hukuncin ya dace da ƙa'ida, sai dai alƙalan da suka rage ba su kai adadin da zai zauna ba, gwamnati kuma ba ta naɗa sababbi ba. Haka shari'ar ta tsaya har Abiola ya rasu a tsare ranar 7 ga Yuli, 1998. Wannan al'amari ya zama darasi a kan haɗarin barin naɗin alƙalai a hannun mai mulki shi kaɗai, kuma tsarin mulkin 1999 ya kafa Majalisar Shari'a ta Ƙasa wadda ke ba da shawarar naɗi da ladabtar da alƙalai.

Ritaya da rasuwarsa

Muhammadu Bello ya yi ritaya a watan Disamba na 1995 da ya cika shekara 65, wadda ita ce iyakar shekarun aiki a lokacin. Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais, mutumin Zariya, shi ya gaje shi, ya riƙe kujerar har 2006. Allah ya yi wa Muhammadu Bello rasuwa ranar 4 ga Nuwamba, 2004.

Lokacin da ya fara aiki, lauyoyi 'yan Arewa ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Kafin rasuwarsa, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano da sauran jami'o'in Arewa sun yaye dubban lauyoyi maza da mata, waɗanda suka karanta dokar zamani tare da shari'ar Musulunci, har ya zamana mai ƙara daga Rano ko Kibiya yana iya samun lauyan da zai saurare shi da Hausa, ya tsaya masa tun daga kotun garinsu har zuwa Abuja. Ɗalibai masu sha'awar wannan fage za su amfana da karanta hukunce-hukuncensa, da waɗanda aka yaba da waɗanda aka soka, domin a cikinsu ne za su ga nauyin da ke kan mai riƙe da ma'aunin shari'a.

Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa kurakuransa, ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.